Wa Yac Ce? Darasin Wurno ga Masu Gina Manhajar Tambaya

Kwana biyu bayan Babbar Sallah, a zauren wani gida cikin garin Wurno, wata matashiya mai rubuta manhaja ta ɗora wa kawunta kwamfutarta a cinya, ta ce ya tambayi duk abin da ya ga dama. Wata takwas ke nan tana wannan aiki da dare, bayan ta taso daga ofis a Abuja. Abin da take ginawa 'yar manhaja ce wadda mutum zai rubuta mata tambaya da Hausa game da garuruwa da mutanen gabashin Sakkwato, ita kuma ta juya tambayar zuwa harshen da rumbunan bayanai suke ji, ta dawo da amsa. Kawun tsohon hedimasta ne, ya shekara talatin da ɗoriya yana koyar da tarihi da labarin ƙasa a makarantun yankin. Ya gyara zaman tabarau, ya danna haruffa biyar da yatsa ɗaya: Rabah.

Amsar farko da ta fito ita ce Rabeh, mayaƙin da ya ci Borno, wanda Faransawa suka kashe a Kusuri a 1900, domin haka suke rubuta sunansa. Ta biyu Rabah Madjer ne, ɗan ƙwallon Aljeriya. Ta uku Raba ta ƙasar Nufe, a bakin Kwara. Garin da kawun yake cin kasuwarsa tun yana yaro sai a layi na huɗu ya bayyana.

"Ɗiyata," in ji shi, "wagga ba Rabah tamu ba ta."

Ta karɓi kwamfutar ta zaɓi layi na huɗu, ta rubuta tambaya ta biyu da kanta: wa aka haifa a nan? Manhajar ta kawo Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, 1910. Ta dubi kawun tana jiran yabo. Shi kuwa ya shekara yana rubuta wa ɗalibai 1909 a kan allo, daga littafin da aka ba shi ya koyar da shi. Ya ɗaga kai ya ce, "Wa yac ce?"

Ba ta da amsa. Manhajar ta ɗauko shekarar daga wani wuri, ta ajiye ta a gabansu tsirara, babu sunan littafi, babu sunan marubuci. Kurakurai biyu da aka gani a zauren nan cikin minti biyar, wato rashin tantance wanda ake magana a kansa da rashin sanin wanda ya faɗi maganar, su ne manyan matsalolin duk mai gina kayan aikin tambaya a kan sarƙaƙƙun bayanai, ko a Wurno yake ko a Balin.

Jimla mai gaɓa uku

Yanar gizon da Tim Berners-Lee ya tsara a 1989 a cibiyar binciken kimiyya ta CERN, yana ce ta shafuka. Wannan shafi yana nuna wancan, mutum ya latsa, ya karanta, ya fahimta. Kwamfuta kuwa matsayinta na ɗan aike ne da aka ba wasiƙa a rufe: tana kai ta inda aka ce, ba ta san abin da ke ciki ba. A watan Mayun 2001 Berners-Lee da James Hendler da Ora Lassila suka wallafa maƙala a mujallar Scientific American, suna kiran a gina wata yana a kan ta farko, yanar ma'ana, inda za a rubuta bayani ta hanyar da kwamfuta za ta iya bin sawunsa ta haɗa shi da wani.

Tubalin wannan gini shi ne tsarin da ake kira RDF, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da shi a 1999. A tsarin, kowane bayani jimla ce mai gaɓa uku, kamar duwatsun murhu: abu, da alaƙa, da abin da aka alaƙanta shi da shi. Muhammadu Bello, ya rasu a, Wurno. Wurno, tana cikin, Jihar Sakkwato. Ahmadu Bello, an haife shi a, Rabah.

Amfanin wannan tsari yana fitowa ne idan ƙarshen wata jimla ya zama farkon wata. Ahmadu Bello, mahaifinsa, Ibrahim. Ibrahim, mahaifinsa, Abubakar Atiku na Raba. Atiku na Raba, mahaifinsa, Muhammadu Bello. Muhammadu Bello, mahaifinsa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ko da babu wanda ya taɓa rubuta cewa Sardauna tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Bello ne, kwamfuta za ta gano haka da kanta ta hanyar bin sarƙar, ta kuma haɗa Rabah da Wurno ta wannan zuri'a ba tare da an gaya mata ba.

A 2006 Berners-Lee ya taƙaita sharuɗɗan abin a ƙa'idoji huɗu: a ba kowane abu adireshi nasa na kansa, adireshin ya zama wanda ake iya buɗewa a intanet, wanda ya buɗe shi ya sami bayani cikin tsarin da aka yarda da shi, bayanin kuma ya nuna adireshin wasu abubuwan. Babban rumbun da ya tsaya a kan wannan tunani a yau shi ne Wikidata, wanda aka buɗe ranar 29 ga Oktoba 2012, yake kuma ɗauke da abubuwa sama da miliyan 100. Kowane abu yana da lamba mai farawa da Q, kowace alaƙa tana da lamba mai farawa da P. Nijeriya ita ce Q1033. Wurin haihuwa P19 ne, mahaifi P22. A wannan shekarar ta 2012 Google ma ya fara nuna ɗan akwatin bayani a gefen sakamakon bincike, daga nasa rumbun mai irin wannan tsari. Yaron da ya tambayi wayarsa inda kabarin Bello yake, daga irin waɗannan rumbuna amsa take zuwa masa, kuma ba zai waiwaya ya tambayi kawun kowa ba.

Suna linzami

Kuskuren farko na matashiyar shi ne ta amince da haruffa. Manhajarta tana ganin R-a-b-a-h sai ta kwaso duk abin da aka taɓa rubutawa haka. Lambar Q an ƙirƙire ta ne don maganin wannan, domin suna ɗaya yana iya hawa kan abubuwa goma, abu ɗaya kuma yana iya amsa sunaye goma.

Tarihin Sakkwato cike yake da misalai. Akwai Abubakar Atiku ɗan Shehu, wanda ya gaji Bello a 1837 ya yi mulki zuwa 1842. Akwai Abubakar Atiku na Raba, ɗan Bello, Sarkin Musulmi daga 1873 zuwa 1877. Akwai Atiku Abubakar, tsohon mataimakin shugaban ƙasa, da Abubakar Atiku Bagudu, tsohon gwamnan Kebbi. Manhajar da ta cakuɗa biyun farko za ta mayar da baffa ya zama ɗan ɗan'uwansa, ta ɓata nasabar Sardauna gaba ɗaya. Ita kanta Wurno abu uku ce: gari, da gunduma ta hakimi, da ƙaramar hukuma, kuma yawan mutanen kowanne daban ne. Wanda ya ce an haife shi a Wurno yana iya nufin Acida, wadda take cikin ƙaramar hukumar amma gari ce mai zaman kanta.

Acida ɗin ma ta buɗe wata ƙofar. A takardun gwamnati Achida ake rubutawa, da ƙa'idar Turanci. Sakkwato tana zama Sokoto, kuma a littafin tafiyar Clapperton, wanda ya isa wurin Bello a 1824, Sackatoo ce. Sannan ga haruffa masu lanƙwasa. A wurin kwamfuta k da ƙ haruffa ne biyu da ba su haɗa komai ba, haka d da ɗ, haka b da ɓ. Daidai ne, tun da kafa daban ƙafa daban. Amma yawancin masu tambaya da waya ba sa sa lanƙwasa, don haka wanda ya rubuta Dan yana neman Ɗan zai dawo hannu rabbana. A Nijeriya ana rubuta 'ya'ya da waƙafin sama, wanda shi kansa yana da siffa fiye da ɗaya a allon rubutu, a Nijar kuma ana rubuta ƴaƴa da harafi na musamman. Dole manhaja ta sassauta lokacin nema, ta ɗauki k da ƙ abu ɗaya, sannan ta tsananta lokacin nuna amsa, ta rubuta sunan yadda masu shi suke rubuta shi.

Akwai kayan aiki da ke taimakawa a nan. OpenRefine, alal misali, yana karɓar jerin sunaye ya kawo wa kowanne lambobin Q da suka yi kama da shi. Sai dai hukuncin ƙarshe na mutum ne. Magarya ta kusa da Wurno da Magarya ta ƙasar Damagaram, wanda ya san ƙasar ne yake raba su a kallo ɗaya. Matashiyar ta gane cewa rabin aikin maginin irin wannan manhaja shi ne sauƙaƙa wa mai sanin ƙasa yanke wannan hukunci: a nuna masa zaɓuɓɓuka da taswira da ɗan bayani a gefen kowanne, a bar shi ya zaɓa, a kuma adana zaɓin don kada a sake tambayarsa.

Isnadi

Kuskure na biyu ya fi zurfi. Da ta koma Abuja ta bi sawun shekarar 1910, sai ta ga laifin na hanyar da ta bi ne. Wikidata tana ba da damar a rubuta wa bayani ɗaya ƙima biyu ko fiye, kowacce da madogararta, a kuma fifita wata a kan wata. Amma tambaya tana da hanya biyu. Gajeriyar hanya, wadda take farawa da alamar wdt, tana kawo ƙimar da aka fifita kaɗai, ba tare da madogara ba. Doguwar hanya tana bi ta kan ita kanta maganar, daga nan ta kai ga littafi ko shafin da aka ɗauko ta. Kusan duk mai koyo gajeriyar yake bi, saboda layi ɗaya ce, waccan kuma uku ko huɗu. Haihuwar Sardauna kuwa tana cikin abubuwan da littattafai suka saɓa a kansu: wasu sun rubuta 1909, wasu 1910. Manhajar da ta nuna ɗaya ta ɓoye ɗaya ta yanke hukuncin da ba a ba ta ba.

Tambayar kawun ba sabuwa ba ce a ƙasar Sakkwato. Ita ce tambayar isnadi, wadda malaman hadisi suka gina ilimi guda a kanta, malaman jihadi kuma suka yi aiki da ita a kan nasu karatun. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta wurin kowanne. Wanda ya duba wannan littafi da idon mai rubuta manhaja zai ga sarƙaƙƙun bayanai ne tsaf: mutane da littattafai, da alaƙar da ke tsakaninsu. Zai kuma ga inda jimla mai gaɓa uku take gazawa. Cewa wane ɗalibin wane ne tana shiga gaɓa uku. Cewa wane ya karanta littafi kaza a wurin wane, a gari kaza, a shekara kaza, kamar yadda wane ya ruwaito, ta kai gaɓa shida. Domin haka ne Wikidata ta tanadi ƙarin bayani da ake rataya wa kowace magana, na lokaci da wuri da madogara, kuma manhajar da ba ta ɗauko su ba ta zubar da rabin abin da aka sani.

Wurno da kanta misali ce. Idan aka tambayi rumbu babban birnin Daular Usmaniyya, zai ce Sakkwato, kuma bai yi ƙarya ba. Amma Bello ya gina Wurno a matsayin ribaɗi, ya zauna a cikinta a ƙarshen rayuwarsa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. Lokacin da Heinrich Barth ya zo a 1853, Wurno ce mazaunin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Amsar da ba ta ɗauke da shekaru tana share wannan duka.

Su ma shekarun suna da tasu matsalar. Ma'ajiyar kwanan wata ta Wikidata kalandar Girigori da ta Juliyas ta sani. Rubuce-rubucen Sakkwato kuwa da hijira suke lissafi. Shekarar 1253, wadda Bello ya rasu a cikinta, ta fara a Afrilun 1837 ta ƙare a Maris na 1838. Idan takarda ta ce 1253 kawai, babu wata, babu rana, wanda ya mayar da ita 1837 ya ƙara abin da takardar ba ta faɗa ba. Matashiyar ta koyi ajiye shekarar yadda aka rubuta ta, ta sa tazarar shekarun miladiyya a gefe. Duk wanda zai sarƙa rubuce-rubucen da ke Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko kundin marubutan da John Hunwick ya fitar a 1995, sai ya yi wannan taka-tsantsan sau dubbai.

Aikin maginin kayan aiki

Harshen da ake tambayar irin waɗannan rumbuna da shi sunansa SPARQL. W3C ta amince da shi a Janairun 2008, ta faɗaɗa shi a Maris na 2013. Tambaya a cikinsa jimla ce mai gaɓa uku da aka bar wa gurbi:

SELECT ?mutum WHERE { ?mutum wdt:P19 ?gari . ?gari wdt:P17 wd:Q1033 . }

Ma'anarta: a kawo duk mutumin da aka haifa a wani gari, garin kuma yana cikin Nijeriya. Idan aka sa alamar tarawa bayan P22, kwamfuta za ta bi layin uba da kaka har inda sarƙar ta tsaya. Harshen yana da ƙarfi, amma ba ya yafiya. Ɗigo ɗaya ya ɓace, tambaya ta rushe. Lamba ɗaya ta kauce, amsa ta fito a kan wani abu dabam ba tare da gargaɗi ba. Tashar tambaya ta Wikidata, wadda aka buɗe a 2015, tana yanke duk tambayar da ta wuce daƙiƙa 60 ba ta kammala ba. Masu rubuta manhaja suna da kayan da suke dogara da su, irin su Apache Jena ga masu aiki da Java, da RDFLib ga masu aiki da Python, da YASGUI mai taimaka wa rubuta tambaya a shafin intanet. Duk waɗannan an yi su ne don wanda ya riga ya san harshen. Tsakanin su da tsohon hedimasta akwai rata, kuma cike wannan rata shi ne sana'ar matashiyar.

Gyara uku ta yi bayan zaman zauren. Na farko, manhajar ta daina amsawa kai tsaye. Tana fara maimaita tambayar da Hausa yadda ta fahimce ta: ana neman mutanen da aka haifa a Rabah, garin da ke Jihar Sakkwato, haka ne? Wannan mataki ya ƙara zama dole yanzu da ake sa manhajojin ƙirƙirarriyar basira su fassara tambayar mutum zuwa SPARQL, domin suna iya ƙago lambar Q da ta yi kama da gaskiya alhali ta wani kogi ce a wata nahiya.

Na biyu, kowace amsa tana fitowa da madogararta a ƙasa, idan kuma babu, manhajar ta faɗi cewa babu. Inda aka saɓa, tana jera ƙimomin duka.

Na uku ya shafi kalma ɗaya. A wancan zaman kawun ya tambayi malamai mata na yankin, manhajar ta ce, "Babu." Ransa ya ɓaci, domin ya san jajjin 'Yan Taru da Nana Asma'u ta tsara, matan da suke ɗaukar karatu daga wurinta su kai ƙauyuka, kakarsa ma a hannun irin waɗannan mata ta yi karatu. Ƙa'idar RDF ita ce shirun rumbu ba hujja ba ne: abin da ba a rubuta ba, ba a san shi ba ne kawai. Masana fannin sun san wannan, amma akwatin amsa da ya fito wayam yana gaya wa mai tambaya akasin haka. Ta canja kalmar zuwa "Ba a shigar da wannan ba tukuna," ta sa maɓalli a gefe ga wanda yake da abin shigarwa. A yankin da mafi yawan iliminsa yake cikin takardun ajami da kawunan dattawa, wannan saƙo shi ne wanda manhajar za ta fi yawan nunawa, don haka ya cancanci a rubuta shi da kulawa.

Sunayen Hausa ma suna cikin abin da sau da yawa ba a shigar ba. Abu yana iya samun lamba da suna da Turanci, gurbin Hausa kuma a wofi. A 2021 an zaɓi Hausa cikin harsunan da za a mayar da hankali a kansu wajen shigar da kalmomi a Wikidata don shirin Abstract Wikipedia, tare da Ibo da Bengali da Malayalam, da Dagbani ta Gana. Ƙofar a buɗe take, masu shiga ake nema.

Ruwan Goronyo

Ana iya ɗaukar duk wannan a matsayin sha'awar masu tarihi, har sai an dubi gulbi. Madatsar ruwan Goronyo tana kan Gulbin Rima. An gama gina ta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce take kula da ita. Daga gare ta ake noman rani a fadamun Goronyo da Wurno, na shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama, ruwanta kuma yana cikin abin da birnin Sakkwato yake sha. Ko yawan ruwan da take ɗauka an saɓa a kansa: wasu rubuce-rubuce sun ce mita kubik miliyan 942, wasu 976, wato tambayar kawun ta sake tasowa. A Satumbar 2010 ambaliya ta ci ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Tambayar da jami'in agaji yake buƙata a irin wannan dare gajeriya ce: waɗanne ƙauyuka ne suke ƙasa da madatsar, kusa da bakin gulbi, mutum nawa ne a cikinsu, wace makaranta ko asibiti ce take kan tudu kusa da su? Amsar tana warwatse. Sunayen ƙauyuka suna jerin mazaɓu, makarantu suna wani jeri, asibitoci suna wani, hanyar ruwa tana taswira, kowanne da irin rubutunsa na sunan ƙauye ɗaya. Wani sashe na labarin ma yana hayin iyaka, domin Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya dawo Nijeriya ya zuba a Rima, kuma bayanan can da Faransanci suke.

SPARQL yana da hanyar aika sashen tambaya zuwa wani rumbu a haɗa amsoshin, taswirar OpenStreetMap kuma tana ba da damar a liƙa wa kowane wuri lambarsa ta Wikidata. Fasahar tana nan. Abin da ya rage shi ne kowane jeri ya kira ƙauye ɗaya da lamba ɗaya. A 2010 Berners-Lee ya ba da ma'auni mai tauraro biyar: tauraro ɗaya ga bayanin da aka sa a intanet ko da hoton takarda ne, biyu ga jadawalin da kwamfuta take iya karantawa, uku idan tsarin jadawalin ba mallakar wani kamfani ba ne, huɗu idan kowane abu yana da adireshinsa, biyar idan an sarƙa shi da na wasu. Tsallakawa daga uku zuwa huɗu aiki ne na zama a tantance ƙauye bayan ƙauye, kuma a rani ake yin sa, kafin ruwa ya zo.

Abin da ba a sarƙawa

Ƙarfin da yake sa wannan fasaha ta yi amfani shi ne kuma haɗarinta. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe gomman mutane. A yankin da ake cikin wannan hali, ranar kasuwa bayani ne, hanyar da 'yan kasuwa suke bi bayani ne, sunan mai shanu ko mai injin ban-ruwa bayani ne. Kowanne shi kaɗai ba ya cutarwa. Idan aka sarƙa su, tambaya ɗaya za ta fitar da jerin gidajen da za a nema. Abin da aka sa a Wikidata an sake shi ga kowa ba tare da sharaɗi ba, ana kuma kwafe rumbun gaba ɗaya a wurare da yawa, don haka gogewa daga baya ba ta dawo da shi. Dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan mai tattara bayanan rayayyun mutane, amma doka ba ta riga maginin manhaja isa wurin ba.

Nasaba ma tana da nata zafin. Layin uba da kaka na Sarakunan Musulmi na ƙarni na 19 tarihi ne da aka wallafa. Layin gidan da yake neman hakimci a yau magana ce mai rai, kuma jimla ɗaya da aka shigar ko aka bari tana iya zama makami a gaban masu zaɓen sarki. Matashiyar ta raba rumbunta gida biyu. Garuruwa, da gulabe, da littattafai, da mutanen da tarihi ya riga ya rubuta, suna ɓangaren da kowa yake gani. Rayayyun mutane da dukiyarsu ba sa shiga ko kaɗan. Abin da aka ji daga bakin dattawa kuma yana zama a nata rumbun, wanda ta gina da Wikibase, manhajar da Wikidata take gudana a kanta, kowace magana da bayanin wanda ya faɗe ta, da garin, da ranar, da izininsa.

Da Ƙaramar Sallah ta zagayo ta koma Wurno. A zauren nan kawun ya sake danna haruffansa biyar. Manhajar ta tambaye shi wace Rabah yake nufi, ta sa ta Sakkwato a sama. Ya nemi haihuwar Sardauna, sai shekaru biyu suka fito, kowacce da sunan littafin da ya kawo ta. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "To, yanzu an yi magana."

Ya tashi ya shiga cikin gida, ya dawo da wani tsohon littafin rubutu mai bangon kwali, inda ya jera sunayen ƙauyukan fadama tun yana koyarwa, da tsofaffin sunayen waɗanda suka tashi, da inda mutanensu suka koma bayan ambaliya. Ya fara karantowa tana shigarwa. A ƙauye na uku ya ce asalin mutanensa daga Gobir suka zo.

Ta tsayar da hannu. "Kawu, wa yac ce?"

Ya yi dariya har tabarau ya zame. Ya ce limamin garin ne ya gaya masa, shekarar da aka tura shi koyarwa can, shi kuma limamin daga mahaifinsa ya ji. Ta buɗe gurbin madogara ta rubuta haka, da shekarar, da sunan garin. Littafin shafi arba'in ne, kuma kafin kiran sallar la'asar sun gama biyu.